Ƙurar da Muka Ɗauko Daga Turba

Duk shekara in aka turo mini sababbin ɗalibai, abu ɗaya nake karantawa a fuskarsu. Sun zo ne a ba su kujera, su kafa ido a madubin hangen nesa, su yi tasbihi, a miƙa musu takarda su tafi. Wani ma bai gama ajiye jakarsa ba yake tambayata wane tauraro za a fara kallo. To ku saurara. Tun da na kama wannan aiki, kallon da na yi wa taurari da idona ta cikin na'urar nan bai taka kara ya karya ba. Mu ba kallo muke yi ba, awo muke yi, kuma mai awo rabin ransa a kan datti yake ƙarewa.

Sunana Isiyaku, ɗan Sabon Birni ne ni. Mahaifina gyaran rediyo da agogo yake yi a bakin kasuwa, a gabansa na koyi riƙe ƙaramin sukundireba ba tare da hannu ya yi rawa ba. Wannan hannun ne ya kai ni jami'a a matsayin mai gyaran kayan ɗakin gwaji, shi ne kuma ya sa Dakta Bawa, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauke ni lokacin da aka kafa ɗan ɗakin awon taurari a gefen wata gona kusa da Turba. An zaɓi wurin ne don duhu. Ba fitilar titi, ba ta kanti, in dare ya yi sama sai ta sauko maka har ka.

Ranar da na fara, Dakta Bawa bai nuna mini tauraro ko ɗaya ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana da hankici?"

Na ce ina da shi, na zaro shi fari fes, ina jin na burge.

Ya karɓa ya cusa a aljihunsa. "Duk ran da kag goge wani abu cikin ɗakin ga ba da sanina ba, ran nan kaka komawa gida."

Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Sai da na shekara kafin na gane abin da yake nufi.

Ga abin da muke awo. Wasu taurari a gungu ake haifarsu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Kaza da 'ya'yanta da kowa ya sani irinsu ne, sai dai su yara ne, shi ya sa suke ƙyalli da shuɗi. Namu tsofaffin gungu ne, waɗanda ido ba ya gani, sun dusashe, sun saje da sauran taurarin da ke gabansu da bayansu. Yawancinsu ko suna ba su da shi, sai lamba. Masu bincike da ɗalibai, waɗanda su ne abokan cinikinmu, tambayoyinsu ba sa canzawa: nawa ne nisan gungun, shekarunsa nawa, wace irin ƙura ce ta tokare tsakaninmu da shi har ta ja masa launi, kuma taurari nawa ne nasa na gaske, nawa ne 'yan wucewa da suka faɗo cikin hoto.

Akwai kuma abokan cinikin da ba mu gayyata ba. Wani ya taɓa takowa tun daga Bafarawa in duba masa inda saniyarsa ta shiga. Na ce masa ni ba duba nake yi ba. Ya ce to wannan ƙatuwar tukunyar ta mece ce. Na ba shi shayi ya sha ya tafi yana ganin rowa na yi masa.

Aikin kansa haka yake. A gindin madubin akwai kyamara, a gabanta kuma akwai ɗan faifai mai juyawa ɗauke da gilasan launi: shuɗi, ruwan ɗorawa, ja. Za ka ɗauki gungun da kowane gilashi, ka auna hasken kowane tauraro ɗaya bayan ɗaya, sannan ka jera su a zane, haske a tsaye, launi a kwance. Taurarin gungu sai su yi layi. Manyan masu shuɗi su ke fara mutuwa, saboda haka a tsohon gungu saman layin ya riga ya cinye, ya lanƙwasa ya nufi ja. Inda ya lanƙwasa nan ne shekarun suke, kamar yadda dillali ke buɗe bakin sa ya duba haƙora. Amma lanƙwasar nan ba ta yafiya. Ka kuskure launi da ɗan abin da bai kai a faɗa ba, sai ka mayar da dattijo saurayi, ka buga a takarda, wani a wata ƙasa ya auna ya yi maka dariya.

Abin da ke kuskurar da launi kuwa a gida yake. Komai tsaftarka, ƙwayoyin ƙura sai sun zauna a kan gilasan launin nan. Kowace ƙwaya tana jefa inuwa a hoto, siffar zobe, marar ƙarfi, ido ba ya kama ta sai an matsa. Tauraron da ya faɗa cikin zoben sai haskensa ya ragu, kai kuma ka rubuta ƙarya. Maganinsa shi ne abin da muke kira hoton magariba. Da rana ta faɗi, kafin tauraro na farko ya leƙo, sama takan yi fili sumul, haske ɗaya ko'ina. Sai ka ɗauki wannan filin da kowane gilashi. Ba komai a hoton sai zobban ƙurarka. Kwamfuta ta ɗauki wannan ta share zobban daga hoton taurari. Lokacin kuwa gajere ne, bai isa a dafa shayi a sha ba, kuma daidai kiran salla yake faɗowa. Ni da Dakta Bawa karɓa-karɓa muke yi, ɗaya ya yi salla ɗaya na ɗauka, sannan mu sauya.

Sharaɗin ɗaya ne, ku riƙe shi da kyau don labarin nan a kansa yake. Dole ƙurar ta kasance daidai inda take a daren da aka ɗauki taurari. Ka cire kyamara, ka hura gilashi, ka goge, shi ke nan, zobban sun tashi, hoton magaribar da za ka ɗauka daga baya na wata ƙurar ne daban. Shekarata ta farko ba abin da Dakta Bawa ya bar ni na ɗauka sai wannan filin da ba komai a cikinsa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka datse layin waya a yankinmu. A lokacin Dakta Bawa ya riga ya rasu, ni ke riƙe da ɗakin. Mutanen daji sun matsa wa ƙauyuka, jami'a ta riga ta aiko cewa da an gama kaka za a rufe wurin a kwashe kaya. Ɗaliba ɗaya ta rage mini, Malama Balkisu, 'yar Gatawa, malamar sakandare a Isa, mace mai 'ya'ya. Digirinta na uku take yi a kan wani tsohon gungu da muka laƙaba wa Dattijo. Shekaru ta yi tana binsa, yau kyamara ta lalace, gobe haihuwa, jibi an tashi garinsu iyayenta sun dawo ɗakinta. Jami'a ta ba ta ƙarin lokaci na ƙarshe. In hotunan wannan kakar ba su yi ba, babu wata kakar, babu digiri.

Ana jibi mu fara, faifan gilasan ya cije. Na kwance na gyara na mayar. Wato duk hotunan magaribar da muke da su a ajiye sun tashi aiki, sai sababbi. Sai ga ragowar hadarin damina ya ɗauki wata ɗabi'a: da yamma ya taru ya rufe sama, bayan isha ya watse ya bar ta tas. Da asuba ma ana iya ɗaukar filin, amma ba mu isa mu tada janareta ba, don ƙararsa tana tafiya nesa a daji, batiran sola kuwa sun tsufa, kafin alfijir sun mutu. Haka muka tara hotunan Dattijo masu kyan da ban taɓa ganin irinsu ba, ba tare da hoton magariba ko ɗaya ba. Kullum muna cewa gobe hadarin zai ɗaga.

Wata safiya Mamman, manomin da ke mana gadi, ya shigo ko sallama bai gama ba. "Malam, ku tashi. An gane su ƙetaren fadama, gari duk ana ɗaure kaya. Ni ma za ni Isa."

Balkisu ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta ce, "Baba Isiyaku, ku tahi. Ni in tsaya har magariba, in ɗauka in biyo ku."

Na ce mata ko Dattijon ne da kansa ya sauko ya roƙe ni, ba ta kwana nan. Ta ce to in an kwance kyamara aikinta ya mutu. Na ce wa ya ce za a kwance.

Ƙa'ida ita ce a raba kyamara da madubi, kowa ya shiga akwatinsa. Mun karya ƙa'idar. Muka sauke bututun madubin daga kan ƙafarsa yadda yake, kyamara na manne a gindi, na ƙara ɗaure kusoshin, na jefa makullinsu a aljihu, muka naɗe shi da zannuwan gado. Mota ba mai zuwa, babur kuwa da ya girgiza shi gara a jefa shi rijiya. Sai amalanken Mamman, wanda ya riga ya loda wa damman gero.

Ya tsaya yana kallon abin. "Wagga tukunya taka bisa gerona za ta hau?"

Na ce, "Bisa geronka za ta kwanta, ba katifar da ta fi shi. Amma shanun ga, tafiyar amarya za su yi."

"Malam, mutane na gudu kai kana batun tahiyar amarya."

Duk da haka ya yi. Allah ya saka wa Mamman. Ya sauka ya kama igiyar shanun yana tafe a gabansu, yana kauce wa kowane rami. Balkisu ta hau ta zauna a kan geron, ta ɗora gindin kyamarar a cinyarta bisa matashi, ta rungume. Ni ina gefe a ƙasa, hannuna a kan bututun. Mutane na wuce mu da awaki da tabarmi da tsofaffi a kan jakuna, kowa ya waiwayo ya ga masu gudun da ba sa sauri. Duk lokacin da ƙafar amalanken ta faɗa kwari sai in ƙara riƙe bututun. Tsoro biyu nake ji, na abin da ke bayanmu da na ƙurar da ke gabanmu, kuma wallahi ban san wanda ya fi ba.

A mashigar Isa 'yan sa-kai suka tsayar da mu, da gaskiyarsu, don abin ya yi kama da bakin babbar bindiga. Ɗaya ya ce a kwance a gani. Na buɗe masa bakin ya leƙa ya ga fuskarsa a madubi, na ce gindin kam sai dai a kwance ni. Allah ya sa wani a cikinsu ya taɓa zuwa Turba neman jinjirin watan azumi, ya shaida ni, suka bar mu muka wuce.

Gidan yayata Hajo muka sauka, wajen la'asar. Yaya Hajo ita ta goye ni, kuma duk unguwar an san ta da abu ɗaya: takan share tsakar gida ko ba wanda ya taka. Muka kwantar da bututun a rumfa, na ce mata, "Yaya, don Allah kada a taɓa." Ta ce ba wanda zai taɓa. Balkisu ta tafi duba iyayenta da yaranta. Ni na fita neman wuta. Na samu wani mai cajin waya da kasuwarsa ta mutu tun da aka datse layi, ya ara mini batiransa ba gardama.

Na dawo na yi sallama, sai na tsaya cik. Zannuwan gadon suna kan igiya suna ɗiga. Bututun yana ƙyalli kamar ranar da aka kawo shi. Yaya Hajo na tsaye a kansa da tsumma da kwanon ruwa, tana kallon aikinta da jin daɗi.

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Yaya, ba na ce kada a taɓa ba?"

"Yara kac ce, ai ba su taɓa ba, na kore su. Kayan baƙi ba su kwana da dauɗa gidana, mutane su ce mi?"

Ban ce yara ba, amma ba lokacin musu ba ne. "Ina da ina kika goge?"

"Ko'ina."

Daidai nan Balkisu ta shigo. Ta ji kalmar, ta dafa bango.

Na ce, "Gilashin baki?"

"Shi na hwara gogewa, ya hi ko'ina ƙazanta."

Wannan ya ƙona mini rai don tsumma na iya karce shi, amma ƙurar gilashin baki ba ta yin zobe, ta yi nisa da kyamara. Na haɗiye na ce, "Ɗan akwatin gindin fa?"

"Na goge bayanshi. Na so in buɗe, na san ciki ma ba a rasa dauɗa, amma kusoshin nan naku ba su jin wuƙa. Na gwada."

Na shafa aljihuna na ji makullin. Numfashi ya fara dawo mini. Sai ta ƙara da cewa, "Na dai mirgina shi kaɗan in samu ƙasan."

Balkisu ta zauna a ƙasa. Yaya Hajo ta dube ta, ta dube ni, murmushinta ya ɗauke. "Isiyaku, ɓarna niy yi?"

Na ce ban sani ba tukuna, magariba za ta faɗa mana.

Ƙafar madubin tana can Turba, saboda haka muka jingina shi tsakanin turmi biyu da katifa, bakinsa na kallon sama. Hoton fili ba ya bukatar bin tauraro, wannan ya isa. Hadarin da ya hana mu sakat a Turba ranar ko ɓurɓushinsa babu. Rana ta faɗi, ladan ya kira. Na ce wa Balkisu ta fara yin salla, na ɗauki shuɗi tun da sauran haske. Ta sallame ta karɓa, ta ɗauki ruwan ɗorawa da ja, ni na yi tawa. Yaya Hajo da ba ta taɓa barin wani ya jinkirta salla a gidanta ba, ranar ta ƙyale mu, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da carbi.

Gwajin ba shi da wuya, jiran sa ne ke da wuya. In ka matsa hoton taurari a kwamfuta, zobban ƙurar daren sukan fito a bayan taurarin. Sai ka sa sabon hoton magariba ya share. In ƙurar tana inda take, zobban su ɓace. In ta gusa, kowane zobe ya zama biyu, fari da baƙi, ka san aikinka ya tafi.

Balkisu ta buɗe hoton shuɗi. Ga Dattijo, ga zobban nan da muka saba gani, har da wani babba a tsakiya daidai inda taurarin lanƙwasa suke. Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin. Ta ce, "Baba, kai danna." Na ce aikinta ne. Ta yi bisimilla ta danna.

Babban zoben ya ɓace. Sauran ma suka bi shi. Bayan taurarin ya yi sumul.

Ta buɗe ruwan ɗorawa. Haka. A ja ne muka ga ɗaya ya gusa, can kusurwar ƙasa, ya bar ɗan fari da baƙi, wurin da ba tauraron gungu ko ɗaya. Wannan yanke shi kawai za a yi. Na sake dubawa, na sake, don ban yarda da idona ba. Sannan na ji wata irin gajiya ta sauko mini tun daga wuya har tafin ƙafa, irin mai daɗin nan. Balkisu ta kifa kai a gwiwa tana ta hamdala, sai a lokacin hawayen suka zo.

Yaya Hajo ta matso ta leƙa. "Ya yi?"

Na ce ya yi.

"To mi anka gani?"

Na nuna mata hoton magariba, na ce waɗannan zobban su muka ɗauko daga Turba. Ta daɗe tana kallo. "Kai yanzu, da hurhurarka, dauɗa kar rako tun daga Turba bisa amalanke, mutanen daji na bayanka?"

Na ce ita fa.

Ta girgiza kai ta tafi zuba mana tuwo, tana faɗin boko bai yi wa gidanmu adalci ba.

Ɗakin Turba ba a sake buɗe shi ba. Ƙafar madubin da muka bari, da aka koma an tarar an kwance ta an tafi da ƙarfen. Wannan yana damuna har yau, don duhu irin na wurin ban sake samu ba. Amma Balkisu ta fitar da nisan Dattijo da shekarunsa, ya girmi ranar nan da ke haska mu ma, kuma da wasu suka auna shi daga baya da manyan na'urori ba su yi mata dariya ba. Yanzu Dakta ake ce mata, ita ce ma ta turo ku wurina.

Yaya Hajo kuwa, har ta koma ga Allah, in na je gidanta na ajiye ko da jaka ce, sai ta tsaya da tsummanta daga nesa ta tambaya, "Wagga dauɗar ta aiki ta, ko in goge?"

To ga madubin nan, rana ta kusa faɗuwa. Kafin kowa ya matso, mai hankici ya kawo shi nan.